Ranar al'adu a makaranta: me zan gaya wa yara game da ma'anar rawar gargajiya?

Malamin Aji Biyar ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina koyarwa a wata firamare, kuma bana hedimasta ya ɗora mini nauyin shirya yara don ranar al'adu ta ƙarshen zango. Abin da aka saba kowace shekara kun san shi: a ɗinka wa yara kaya, a kunna kiɗa a lasifika, rukuni ɗaya su yi koroso, wani ya sa zanen Tibi mai ratsin baƙi da fari su yi swange, wani ya ɗaura ashoke su yi ta Yarbawa, iyaye su ɗauki hoto da waya, a ci shinkafa a watse.

Bana ina so kafin kowane rukuni ya fito, yaro ɗaya ya tsaya ya yi ɗan bayani. Da na zauna rubuta bayanin, kowace rawa na ɗauko sai in ga magana ɗaya nake maimaitawa: "wannan rawa tana nuna al'adunmu." To wace al'ada, kuma me take nunawa? Ga shi wasu iyaye sun aiko cewa kada a sa 'ya'yansu, wai rawa shashanci ce.

Don Allah masu sani su taimaka. A nan Afirka, me rawa take yi wa mutane ban da nishaɗi? Kuma me zan ce wa iyayen nan?

Ɗan Gidan Fawa ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara basira. Ni bokona bai yi nisa ba, amma gidanmu gidan fawa ne tun kaka da kakanni, kuma a gidan mahauta kalangu ba baƙo ba ne. Bari in faɗa maka abin da na tashi na gani.

Matsalar bayaninka daga lasifikar take. Kiɗan da aka ɗauka aka kunna bai san kowa ba. Shi kuwa makaɗi ya san wanda ke gabansa, ya san ubansa, ya san abin da gidansu ya shahara da shi. Mai kalangunmu idan ya rataya shi a kafaɗa, ya matse igiyoyin a hammata ya saki, muryar gangar tana hawa tana sauka kamar ta mutum, kuma magana yake yi da ita. Da safe idan an yi yanka, kiɗansa ne ke sanar da gari cewa nama ya fito. A wurin biki kuma kowane babban mahauci yana da takensa.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai kunya da ƙarancin magana. Za a yi ta kiɗa tun la'asar yana zaune a tabarma ya harɗe ƙafa, ko kai ba ya kaɗawa. Amma da mai kalangu ya juyo ya ɗauko taken gidanmu, sai ka ga ya ajiye goron da ke hannunsa, ya miƙe a hankali, ya tattare babbar riga ya ɗora a kafaɗa. Taku kaɗan zai yi, ya ɗaga hannu ɗaya sama, mata su rangaɗa guɗa daga cikin gida, ya yi wa makaɗi kari ya koma ya zauna. Ba a taɓa ganinsa ya tashi a taken wani ba, don yin hakan raini ne. Duk wanda ke wurin ya fahimci abin da ya faru: an kira gidan wane, gidan wane ya amsa, yana nan da ransa da mutuncinsa. Samarinmu kuwa nasu ya fi zafi, musamman lokacin hawan ƙaho, inda ake zuga yaro da kiɗa har ya tunkari bijimi ya kama ƙahonsa. Da dambe ma kalangu ne, shi ya sa za ka ga asalin 'yan dambe da yawa 'ya'yan mahauta ne.

Ba mu kaɗai ba. Maƙera suna da dundufa, kuma idan an kaɗa musu ne suke wasa da jan ƙarfe da wuta don su nuna gadonsu ne. Manoma suna da gangar noma. A wurin gayya makaɗi yana bin bayan samari a kunya, kiɗan ne ke daidaita saran garma, wanda ya fara sanyi a yi masa zambo, wanda ya yi fice a wasa shi har ya manta da gajiya. 'Yan tauri da maharba kowa da nasa. Tambari da kakaki na sarki ne, duk kuɗinka ba za a buga maka tambari a ƙofar gida ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Saboda haka shawarata, kada ka fara da tambayar me rawar take nufi. Fara da tambayar ta wa ce, yaushe ake yinta, wa ke da ikon shiga fili, wa kuma zai tsaya gefe. Ka tambayi yaran ajinka sana'ar kakanninsu, za ka sha mamakin yawan 'ya'yan maƙera da majema da masunta da ke zaune a gabanka ba su sani ba. Kuma ka nemo makaɗi mai rai, ko da mutum ɗaya ne da ɗan kuntukunsa. Ni a ganina abin da ake yi a kan dandamali don manyan baƙi, rawa ce da aka cire mata mai ita.

Uwar Biki ta amsa:

Ɗan Gidan Fawa, ka yi bayani mai kyau amma ka lissafo maza ka bar mu a tsakar gida, kamar mu guɗa kawai muka iya.

Malam, mata suna da nasu, kuma yawancinsa namiji ba ya gani. Kiɗan ƙwarya a cikin gida ake yi, a kifa ƙwarya a kan ruwa a cikin babban masaki a riƙa bugawa da 'yan sanduna. A nan matar aure ke faɗin abin da ba za ta iya faɗa wa kishiya ko uwar miji baki da baki ba. Za ta shiga fili, zabiya ta jefa habaici, ita kuma ta juya ta gyara ɗaurin zane, kowa ya gane inda aka dosa, a yi dariya, zuciya ta yi sanyi, ba a yi faɗa ba. Ko daka ma, idan mata uku suka haɗu a turmi ɗaya suna lugude, suna cilla taɓarya sama su tafa su cafe, ai rawa ce da aiki a haɗe.

Ga yaranka mata ina ba ka shawarar gaɗa. Ba ganga, ba namiji, tafi ne da waƙa kawai. 'Yan mata su yi rabin da'ira, ɗaya ta fito tsakiya ta yi 'yar rawarta, sannan ta juya baya ta saki jiki gaba ɗaya ta faɗo, sauran su tare ta su cilla ta sama ta dira da ƙafafunta. Yarinyar da ba ta yarda da ƙawayenta ba ba za ta iya sakin jiki ba, za ka ga tana waige. A dandali da farin wata muka koyi wannan, kuma a nan aka san wace ce mai kunya, wace ce mai baki, wace ce za ta iya jagorancin 'yan uwanta.

Iyayen da suka ce a'a, kada ka ja da su. Ka ba 'ya'yansu aikin karanta bayanin.

Bawan Allah daga Tawa ya amsa:

Gaisuwa daga Nijar. Malam, ka ƙara da ta Wodaɓe, Fulanin daji da ke wajenmu. Duk shekara suna warwatse da shanunsu, sai ƙarshen damina, wajen watan Satumba, dangi ke haɗuwa, musamman a yankin Ingal inda ake kai dabbobi lasar gishiri. A nan ake Gerewol. Samari ne ke kwalliya, ba 'yan mata ba: su shafa jar ƙasa ko rawaya a fuska, su ja layi daga goshi zuwa haɓa, su baƙanta leɓe don haƙora su ƙara fari, su sa gashin jimina a ka. Sai su jeru kafaɗa da kafaɗa suna ɗagawa a kan yatsun ƙafa, suna zare ido suna washe haƙora, awa da awanni a cikin rana. 'Yan mata ne alƙalai, su ke nuna wanda ya fi.

Masu yawon buɗe ido suna zuwa da kyamara suna dariyar zare idon. Amma mutanen da ke rayuwa nesa da juna, in ba irin wannan taro ba, ina saurayi zai ga yarinyar wani dangi? A nan ake ƙulla aure, a nan dattawa ke sasanta rigimar rijiya da makiyaya.

Tsohon Ma'aikacin Al'adu ya amsa:

Malam, tun da ka ce Afirka, bari in faɗaɗa kaɗan, sannan in ɗan saɓa wa ɗan uwana na gidan fawa.

Abin da ya faɗa na cewa kowace rawa da mai ita, haka yake har wajen ƙasar Hausa. Bata ta Yarbawa da ake sa yara su yi, asalinta ta masu bautar Sango ce. Gelede da ake yi a Najeriya da Benin da Togo, maza ne ke sa dodo su yi rawa don girmama iyaye mata da rarrashinsu, kuma UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa ta cikin jerinta na fitattun al'adun gado a 2001. Mutanen Chewa na Malawi da Zambiya da Mozambik suna da Gule Wamkulu, wadda 'yan ƙungiyar asiri ta Nyau kaɗai ke yi, a wurin jana'iza da naɗin sarauta da shigar da yara cikin manya. Ita kuma a 2005 aka sa ta. A Afirka ta Kudu, leburorin ramin zinariya sun mayar da bugun takalmin roba da tafin hannu hanyar yi wa juna magana a ƙarƙashin ƙasa, daga baya ya zama rawa. A arewacin Gana, Dagomba suna rawar takai a bikin Damba, suna zagaye suna haɗa sandunan ƙarfe, manyan rigunansu na buɗewa, kuma duk wanda ya ga takai ta samarin Hausa zai ga dangantakar.

Inda ban yarda da shi ba shi ne raina dandamali. Rawar dandamali ma tana da tarihinta da aikinta. Keita Fodeba, mutumin Gini, ya kafa ƙungiyar Les Ballets Africains a Paris a farkon shekarun 1950, kuma bayan Gini ta sami 'yanci a 1958 ta zama ƙungiyar ƙasa. Abin da suka yi shi ne nuna wa Turawan da suka ce ba mu da wayewa cewa muna da fasaha mai tsari. Haka FESTAC, bikin fasaha da al'adun baƙar fata na duniya, da aka yi a Legas daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu 1977, har da hawan daba a Kaduna. Ita kanta koroson da kuke yi a makaranta, haɗi ce ta rawar Fulani da ta Hausawa da aka tsara don nuni, kuma yau duk inda aka ji ƙarar kacau-kacau ɗin ƙafar nan da sarewa an san Kano ce ta iso.

Gaskiya ne akwai abin da ke salwanta. A gari da'ira ake yi, mai kallo yanzu shi ne mai rawa an jima. A dandamali an miƙe da'irar ta zama sahu, kowa na fuskantar kujerun manya, abin da ake kwana ana yi an matse shi a minti biyar. Ka gaya wa yara hakan ƙarara, su san abin da suke yi samfuri ne.

Almajirin Zaure ya amsa:

Malam, iyayen nan ba daga sama suka ɗauko maganarsu ba. Tun zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 malamai ke sukar cakuɗuwar maza da mata a wurin kiɗa, da kuma bori. Ka raba maza da mata, ka kula da sutura, ka nisanci kiɗan garaya na girka da duk abin da ya shafi kiran iskoki ko bautar wani abu. Irin su bata da Gelede a ba da labarinsu da baki ya wadatar. Kiɗan noma da gaɗa kuwa ban ga wanda zai ɗaga murya a kansu ba.

Malamin Aji Biyar ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tambayi yara sana'ar kakanninsu kamar yadda aka ba ni shawara, 'ya'yan manoma suka fi yawa, sai maƙera, sai yarinya ɗaya da ta ce kakanta sarkin pawa ne. Mata za su yi gaɗa, Hajiya, maza su yi ta noma da 'yan garemani na katako. Saura makaɗi. Ɗan Gidan Fawa, yaya ake neman su, kuma me zan tanada?

Ɗan Gidan Fawa ya amsa:

Ka je mahautar garinku da safe ka nemi sarkin pawa, ka gaishe shi da goro, shi zai haɗa ka da mai kalangunsu. Na noma kuma ka tambayi mai unguwar ƙauyen da ke kusa da ku. Ku yi ciniki tun kafin ranar, kuma ka shaida wa iyaye su zo da canji, don makaɗi ba ya kaɗa wa mutum take ya tafi hannu rabbana. Ka ba shi sunayen gidajen yaran kwana biyu kafin taron ya shirya. Ita jikar sarkin pawa, ka aika wa kakan nata takardar gayyata ka zaunar da shi a sahun gaba.