Neman shawara: fitilar zango da ba za ta kashe mini batirin mota ba

Baban Rakiya, Tawa:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Masu sanin harkar wuta nake nema. Ni direba ne, ina jan tsohuwar Land Cruiser mai gazuwal ta ubangidana, muna bin kasuwannin dabbobi da rugage arewa da Abalak. Wani zubin sai mu kwana uku ba mu ga gari ba.

Satin da ya wuce muka yi zango a wani kwari bayan magariba. Alhaji na son rubuta lissafin raguna, yara na ɗora tukunya, sai na kunna musu fitilun gaba na kashe inji don tsimin gazuwal. Aka ci, aka sha shayi har zagaye uku, hira ta yi daɗi, ban kashe ba sai wajen sha ɗaya. Da asuba na murɗa makulli, sai ƙet, ƙet. Mu shida muka yi ta turi cikin rairayi, ko gezau. Sai da hantsi ya dubi ludayi wata mota ta biyo aka ja mana wuta. Muka isa kasuwa an riga an zaɓe na kirki. Alhaji bai ce mini uffan ba, kuma da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Tocilan kasuwa na gaji da saye. So nake in haɗa fitila da hannuna. Ina da ƙaramin batir da aka rubuta 12V 7Ah a jikinsa, na kuma ga igiyar LED ɗin nan da ake aunawa da mita. Jikka 30 ke hannuna. Batirin zai kai ni kwana uku? Ko in jona da na mota kawai, tunda an ce LED ba ta da ci?

Mai wayarin mota:

Wa alaikumus salam. Sannu da wahala, Baban Rakiya. Bari in fara da abin da ya same ka, don lissafin duk guda ne. Kowane ƙwan gaba na irin motocin nan wat 55 yake ci, biyu 110 ke nan. Raba da bolt 12, ka sami amfer 9 da ƴan kai, ban da ƙananan fitilun baya da ke kamawa tare. Cikin awa huɗu ka zuƙe kusan 40Ah, wato amfer sau awa, daga batirin da ya riga ya sha zafin Azawak. Injin gazuwal kuwa ba ya tashi da ragowar wuta.

Batirin mota an yi shi ne ya ba da wuta mai ƙarfi ta ƴan daƙiƙu, dinamo ya mayar masa nan take. In ana tatsar shi har ƙasa, ba ya daɗewa. Saboda haka ko LED ba ta da ci, ni ba zan ɗora ta a kansa ba. Ba cinta nake tsoro ba. Mantuwa nake tsoro, da wanda zai zo ya ce bari in ɗan caja waya, na bayansa ya ce bari in sa rediyo.

Igiyar nan iri-iri ce, ka karanta jikin ledarta. Akwai mai cin wat 4.8 a mita, akwai mai 14.4. Ɗauki ƙaramar. Mita biyu ya ishi tabarma da murhu, kuma ba zai kai amfer 1 ba, 0.8 ne. Awa huɗu 3.2 ke nan. To batirin dalma rabin abin da aka rubuta a jikinsa ne naka, sauran rabin nasa ne in kana son ya yi rai. Wannan 7Ah naka 3.5 zai ba ka: dare ɗaya cif, ba canji. Kwana uku fitila kaɗai za ta ci kusan 10. Kowace waya kuma ta ci wajen 1 in an cika ta, kuma na san Alhaji ba waya ɗaya yake riƙewa ba. Ka ce 20 gaba ɗaya, wato batir mai 40Ah, in ba za ka riƙa caja shi a hanya ba.

Abin da ba na yi wa kowa rangwame a kai shi ne fizibil, wanda ƴan Najeriya ke ce wa fiyus. Sa mai amfer 5 a wayar jan kai, dab da kan batir, kar ya wuce taƙi ɗaya. Hanyar daji girgiza ce, wata rana waya za ta goge ta taɓa ƙarfe. In akwai fizibil shi zai ƙone. In babu, waya ce za ta yi ja, a bayan motar da ke ɗauke da jarkokin gazuwal da buhun dusa.

Ɗan Ƙonni:

Maigida, da girmamawa, wannan tsohon yayi ne. Batir mai 40Ah nauyin banza ne. Ni ƙwayoyin litiyom na ciro daga matattun batiran kwamfuta, masu lamba 18650. Kowace bolt 3.7 ce, in ka jera uku ka sami wajen 12. Nawa a robar sabulu yake, aljihu ma yana shiga, kuma kyauta na same su wurin mai gyara.

Mai wayarin mota:

Ƙanena, ka sa masa allon kariya, wanda ake ce wa BMS? In ba ka sa ba, fitar da shi daga ɗakin da kake kwana tun yau. Ƙwayar nan in caji ya wuce bolt 4.2, ko ta huje, ko ta sha zafi, kamawa take da wuta mai wuyar kashewa. Kuma waɗanda aka ciro daga mataccen batir ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, wata ta cika wata tana rabi. Kai a gari kake. Shi motarsa yini take a rana da gilasai rufe, a watan Afrilu da ko a inuwa zafi ke wuce digiri 40. Litiyom ɗin da zan yarda ya sa shi ne mai rubutun LiFePO4, da kariyarsa a ciki, amma jikka 30 ba za ta ɗauke shi ta bar kuɗin sauran kaya ba.

Mai sayar da kayan sola, Yamai:

Ni ta wajen caji zan shigo. Faranti mai wat 50 yana ba da kusan amfer 3 in rana ta tsaya. Awa biyar a haka ya mayar da abin da kuka ci a dare har da ragi, sai batir mai 20Ah ya wadatar. Amma kada ka haɗa faranti kai tsaye da batir, sai ta regilater, ƴar na'urar da ke daidaita caji, don farantin wajen bolt 18 yake fitarwa, dafa batirin zai yi. Batir ake fara jonawa da regilater, sannan faranti. Yawancinsu suna da wurin jona fitila da ke yanke wuta da kansa in batir ya yi ƙasa, wasu har da ramin cajin waya. Ka ɗaure farantin bisa rufi da roba a ƙarƙashinsa, ka riƙa share shi kowace safiya, musamman lokacin hunturu da ƙura ke lulluɓe shi.

Waya kuma ka kankare bakinta da wuƙa kafin ka biya. In ka ga fari a ciki, alminiyom ce aka shafa wa jan ƙarfe. Araha ba ta ado. Nemi ta jan ƙarfe zalla mai kauri 1.5.

Baba tsohon direba:

Ɗana, su sun yi maka lissafi, ni abin da idona ya gani zan gaya maka. Na bi hanyar Tawa zuwa Agadas tun ƙuruciya, na kwana Tabalak bakin tabki ban san iyaka ba. Farar fitila mai ɗaukar ido, wadda ke shuɗi-shuɗi, ita ƙwari suka fi so. Ƙarshen damina ka kunna ta bisa kanku, hangara za ta sauko, kuma ka san abin da take yi wa fata. Inda ƙwari suka taru a ƙasa, kunama na tafe cin abinci. Sayi mai hasken ruwan ɗorawa, irin na fitilar ƙwai ta da. Ba ta hana su ɗungum, amma da sauƙi.

Na biyu, daji ba kamar da ba ne. Haske a fili daga nesa ake hango shi. Yi mata hula ta dubi ƙasa, kada ka kafa ta bisa rufin mota kamar mai biki. In an gama cin abinci a kashe. Shayi ba ya bukatar fitila, garwashi ya isa.

Maman Sani:

Baba ya gama magana. Ni dai ƙari ɗaya: kada a rataye ta daidai saman tukunya, in ba so kuke ku ci shinkafa da ƙwaro ba. A ja ta gefe taku uku. Mai girki a saya masa ƴar tocilar goshi.

Baban Rakiya, Tawa:

Allah ya saka da alheri, na rubuta duka. Baba, Allah ya ƙara girma. Maigida, kuɗina ba za su kai faranti da batir lokaci guda ba. In na sayi batirin yanzu, ba zan iya caja shi da motar ba muna tafiya? Batir biyu ke gaban motar tamu, da ma na yi tunanin in ɗebi wuta daga guda.

Mai wayarin mota:

Tsaya nan! Kada ka taɓa komai sai an auna. Wasu tsofaffin Land Cruiser masu gazuwal bolt 24 ne, an jera batiran ɗaya bayan ɗaya. Wasu kuma biyun gefe da gefe suke, 12 ne. In mai 24 ce ka jona igiyar LED ta 12, nan take za ta ƙone. In kuma ka ɗebi 12 daga guda ɗaya, shi zai riƙa ramewa ɗan uwansa na cika fiye da kima, ƙarshe ka sayi biyu. Dubi wayar da ta haɗa su: in daga jan kan wannan ta tafi baƙin kan wancan, 24 ce.

In 12 ce, da sauƙi. Akwai ɗan rele mai raba batir, yana haɗa su in inji ya tashi wuta ta haura bolt 13, ya raba su da kansa in an kashe. Wayar wannan layin sai mai kauri, da fizibil babba a kowane ɓangare, wannan kam ka kawo a yi maka. Batirin ka ɗaure shi tsaye cikin akwatin katako mai ƴan ramukan iska, don yana fitar da iskar da ke kama wuta lokacin caji, kuma ban da shan taba a kansa.

Igiyar LED kada ka dogara da gam ɗin bayanta, zafi sakin shi yake. Manna ta a ɗan sandan alminiyom na masu tagogi, ka ɗaure da zaren roba. Wurin yankewa akwai alama bayan kowane ƙwai uku. In ka jona ba ta kama ba, juya wayoyin, ja da baƙi ne ka musanya.

Baban Rakiya, Tawa:

Na fita da tocila na duba yanzu. Ja da ja aka haɗa, baƙi kuma kowanne ya tafi jikin mota. Ashe biyun na kashe a dare ɗaya.

Mai wayarin mota:

To 12 ce, kuma su ma sai an duba lafiyarsu. Kawo ta gobe da safe, ka bar ta a kashe har bayan azahar. Lafiyayyen batir da ya huta 12.6 yake nunawa. In muka ga ƙasa da 12.2, ka fara shirya yadda za ka gaya wa Alhaji.