Me ke hana tantanin ƙwayoyin ruwan zafi narkewa?

Habsatu:
Assalamu alaikum malamai. A darasi an ce mana tantanin da ya lulluɓe ƙwayar bakteriya maiƙo ne. To ko man shanu aka bari a rana cikin Afrilu nan Maradi, kafin azahar ya zama ruwa. Yaya Thermus aquaticus, bakteriyar ruwan zafi, ke rayuwa a digiri 70 tantaninta bai narke ba?

Malam Isufu:
Wa alaikumus salam. 'Yata, amsar na cikin misalinki. Man gyada ruwa ne saboda sarƙoƙin kabon ɗinsa suna da lanƙwasa a inda haɗi biyu yake tsakanin kabon da kabon, ba sa jeruwa da kyau. Na man shanu yawanci miƙaƙƙu ne, suna matsuwa kamar karan da aka ɗaure dami. Masu son zafi sun kusa rabuwa da lanƙwasassun. Thermus da Geobacillus sun fi tara sarƙoƙi masu kabon 15 da 17, masu ɗan reshe a gab da ƙarshe, waɗanda ake kira iso.

Amma ba narkewa ce ke fara kashe ƙwayar ba, yoyo ne. Tana tura furoton (ƙwayoyin haidurojin masu caji) waje ta cikin tantanin, dawowarsu ta ƙofa guda ce ke ba ta ATP, sinadarin da take samun ƙarfi da shi. Da tantani ya yi sako-sako sai su riƙa shigowa ta ko'ina, ta zama mai ɗiban ruwa da ƙwarya fasasshiya.

Dokta Rabi:
Allah ya ƙara sani, Malam. A bambanta bakteriya da arkiya (wani rukunin ƙananan ƙwayoyi ne dabam, masu kama da bakteriya), ɗalibai na yawan haɗa su. Arkiya irin Sulfolobus, mai rayuwa wajen digiri 75 zuwa 80 cikin ruwa mai tsami na pH 2 zuwa 3, wani irin haɗi da ake kira etar ne ke riƙe sarƙoƙinta a jikin gilisarol (ƙashin bayan ƙwayar maiƙo), ba haɗin esta irin na yawancin bakteriya ba, kuma etar ya fi jure zafi da tsami. Sarƙarta mai kabon 40 ce, ta ratsa tantanin daga wannan fuska zuwa waccan, don haka babu layi biyu irin na tantanin yawancin bakteriya da za su rabu. In zafi ya ƙaru sai ta ƙara zobba masu kusurwa biyar a jikin sarƙar, har 8 a ƙwayar maiƙo ɗaya. Thermotoga maritima bakteriya ce, amma ita ma tana da sarƙa mai ratsawa. Ba doka ba ce dai: Methanopyrus kandleri na kaiwa digiri 122 da gajerun sarƙoƙi masu kabon 20.

Lawali:
In za ki ciro maiƙon ki duba a labo, ƙanwata: ki jiƙa ƙwayoyin a kuloroform kashi 1, metanol 2, ruwa 0.8, sannan ki ƙara kuloroform 1 da ruwa 1. Haɗin zai rabu layi biyu, maiƙon na cikin layin ƙasa. Ki rufe kwalba ruf, kuloroform na tafasa a digiri 61, zafinmu na shanye shi. Sinadarin KOH (potasiyam haiduroksaid) cikin metanol yana tsinke esta kaɗai. In arkiya ce ba sarƙar da za ta fito, sai an sa asid HI mai tsinke etar. Ki rubuta zafin da aka raini ƙwayar a kai, don maiƙon na canzawa da shi.