"Ka ƙi naka, duniya ta so shi": shin ta dace da Amos 3:2?

Dattijo, Garwa: Salama gare ku. A nazarin Littafi Mai Tsarki na ranar Laraba mun tsaya a kan Amos 3:2, inda Ubangiji ya ce wa Isra'ila su kaɗai ya sani cikin dukan al'umman duniya, saboda haka zai hukunta su a kan laifofinsu. Wannan "saboda haka" ta ɗaure wa matasa kai, domin sun ɗauka zaɓaɓɓe rangwame yake samu. Sai na kawo musu maganar iyayenmu: ka so naka duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka duniya ta so shi. Idan yara biyar suka jefi mangwaron maƙwabci, kunnen ɗanka kake murɗewa, sauran ka bar wa iyayensu. Ko na yi daidai?

Uwar Biyu, Marwa: Baba, a gafarce ni. "Ƙi" a nan tsawatarwa ce, wannan na yarda, amma mai karin maganar yabon duniya yake nema wa ɗansa, alhali a ayar ba a yi zancen abin da duniya za ta ce ba.

Malamin Makarantar Lahadi, Kusseri: Baba, ni misalin mangwaron ne ya tsaya mini a rai. Kafin Amos, makiyayin nan na Tekowa, ya juyo kan Isra'ila, sai da ya bi ta kan Dimashƙu, Gaza, Taya, Edom, Ammon da Mowab, kowa da nasa hukunci, wato ba a bar yaran maƙwabta ba. Bambancin shi ne, yawancinsu ta'asar yaƙi da cinikin bayi aka lissafa musu, Isra'ila kuwa har kasuwa aka bi ta: sayar da matalauci a kan takalmi, rage mudu, algus a ma'auni. Wanda ya taɓa ganin mudun da aka doddoke gindinsa ya shige ciki ya san abin da annabin yake nufi.

Dattijo, Garwa: Malam, ka gyara mini, na karɓa. To, mu ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, tunda a Amos 9:8 an ce ba za a hallaka gidan Yakubu, wato Isra'ila, ƙaƙaf ba.

Uwar Biyu, Marwa: Wannan ta fi kusa, Baba. Sai dai idan matasan suka tuna maka cewa Assuriyawa sun ci Samariya, babban birnin Isra'ila, a wajen shekara ta 722 kafin haihuwar Almasihu, suka kwashe mutanenta, za su tambaya ko wannan ba yankewa ba ne. Me za ka ce musu ranar Laraba?