Ta ina mai jita zai fara koyon ƙirƙirar kiɗan jaz nan take?

Mai jita, daga Garwa:
Assalamu alaikum. Ina kaɗa jita a wuraren biki, kuma kunnena yana ɗaukar waƙa da wuri, amma duk lokacin da aka ba ni fili a kiɗan jaz, sai yatsuna su koma kan muryoyi biyar ɗin da na saba da su. Shin dole ne sai na iya karanta rubutun kiɗa tukuna?

Mai piyano, daga Njamena:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Muryoyi biyar ɗin nan ba aibu ba ne, domin kiɗan bulus ma, wanda jaz ya gada, yana amfani da su sosai. Abin da ya rage maka shi ne kunnenka ya riƙa jin lokacin da akor, wato muryoyi uku ko fiye da ake kaɗawa tare, ya sauya. Ka ɗauki jerin akor ukun da ya fi yawa a jaz, wato Re mino 7, Sol 7, Do majo 7, ka kaɗa shi a hankali, kana lura da muryoyi biyu kawai: Do da ke cikin akor na farko yana sauka zuwa Si a na biyu, sannan Fa da ke cikin na biyu yana sauka zuwa Mi a na uku. Idan ka sauka a kan Si da Mi daidai lokacin sauyin, mai sauraro zai ji akor ɗin ko da babu mai piyano a bayanka. Daga nan sai ka zagaya da jerin cikin maɓallai 12, wato ka riƙa fara shi daga kowace ɗaya cikin muryoyi 12 na kiɗa.

Tsohon mai busa, daga Marwa:
Ƙanena, bayanin Malam mai piyano daidai ne, sai dai ni a ganina baki ya kamata ya riga yatsa. Ka zaɓi gajeren salo daga faifai, ka rera shi har ya zauna, sannan ka neme shi a jita, kamar yadda yaron mai algaita yake koyo a ƙofar fadar lamido. Yusef Lateef, babban mai saksofon na Amurka, ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana nazarin kiɗan Arewa, saboda haka kada ka raina abin da ka taso da shi.

Mai jita, daga Garwa:
Na gode ƙwarai. Baba, wane faifai zan fara da shi?

Tsohon mai busa, daga Marwa:
Ka fara da "So What" na Miles Davis, mai busa kakakin jaz na Amurka, na 1959. Akor biyu ne kawai a cikinsa, kuma busarsa tana da sarari, za ka iya bin ta da baki.