Guzurin zagaya duniya da jakar goyo: waɗanda suka taɓa yi, ina kuɗin ke tafiya?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Ina da niyyar ajiye aiki na shekara guda in zagaya duniya da jakar goyo kaɗai. In tashi daga Kano, in bi Gabashin Afirka, in shiga Asiya, in tsallaka Kudancin Amurka, in dawo gida. Abin da na samu na karanta duk Turawa ne suka rubuta, kuma lissafinsu kusan ɗaya ne: ware dala 50 a rana, wato dala 18,250 a shekara. Amma fasfonsu daban, kuɗinsu daban. Ina so in ji daga bakin wanda ya yi irin wannan tafiya da koren fasfo, ko na Nijar, ko na Ghana. Me ya fi cin kuɗi?

Tsohon Matafiyi:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ajiye maganar dala 50 tukuna. Wannan kuɗin kwana da abinci da mota ne, kuma su ne mafi sauƙin lissafi. Mu abin da ke tsara mana kasafi biza ce, tun kafin a zo kan gado da tuwo.

Bature yana sauka Kathmandu a buga masa biza a filin jirgi. Ɗan Najeriya da ɗan Ghana da ɗan Kamaru suna cikin jerin waɗanda Nepal ba ta ba su biza a filin jirgi, sai ka nemo ta daga ofishin jakadanci. Yawancin ofisoshin kuma suna so ka nema daga ƙasar da kake zaune, ba daga inda tafiya ta kai ka ba. Ita bizar yawon buɗe ido sau da yawa wata uku ne ko shida take rayuwa. Ka ga idan ka tara su duka a Abuja kafin ka tashi, ta ƙasar da za ka shiga a wata na tara ta mutu kana hanya. Shi ya sa ni na raba tafiyata biyu. Na yi zangon Afirka da Asiya, na dawo gida na nemi bizar Brazil, sannan na sake fita. Tikitin dawowar nan na tsakiya shi ne babban kuɗin da ba za ka gani a lissafin Bature ba.

Sai bizar wucewa. Najeriya da Ghana suna cikin ƙasashe 12 da yankin Schengen na Turai ya wajabta wa bizar wucewa ko da mutum ba zai fita daga filin jirgi ba. Ingila ma tana da tata. Amurka kuwa mu sai da biza za mu canza jirgi a cikinta. Saboda haka tikitin da ka gani mai araha ta Faris ko Landan ba naka ba ne, naka shi ne wanda ya bi ta Addis Ababa, Doha, Istanbul, Alƙahira ko Kasabalanka, ko da ya fi tsada. In ma ka ce za ka nemi ta Schengen ɗin, yuro 90 ce tun watan Yunin 2024, ban da kuɗin cibiyar karɓar takardu, ban da kuɗin inshorar lafiya mai ɗaukar nauyin jinya har yuro 30,000 da suke buƙata, kuma in an hana ka ba a mayar da ko sisi. Na tsaya layi a wani ofishin jakadanci tun kafin rana ta fito, da bayanan asusun banki na wata shida a cikin ambulan, bayan sati uku aka miƙo mini fasfo ba komai a ciki sai 'yar takarda. Ka ware kuɗin biza biyu ko uku da za a hana ka, ka ɗauka sun riga sun tafi.

Kuma ka yi fasfo mai shafi 64. Mai 32 ba zai kai ka ba, biza ɗaya shafi guda take cinyewa.

Hajiya Mai Atamfa:
Gaskiya Alhaji ya faɗa. Ni zan ƙara maganar canji, don ita ta taɓa ni kai tsaye. Ina Kuala Lumpur a watan Yunin 2023 lokacin da aka saki naira. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 700 cikin 'yan kwanaki, kafin watan Fabrairun 2024 ta ƙare kuma ta wuce 1,500. Wani yaro ɗan Kaduna da muka haɗu a masauki ɗaya, duk guzurinsa a naira yake a asusu, yana jira ɗan'uwansa ya riƙa canzo masa kaɗan-kaɗan. Ina kallonsa zaune a bakin gado da waya a hannu yana ta danna lissafi, yana sharewa, yana sakewa. Tafiyar da ya tsara ta wata takwas a wata na huɗu ya yanke ta.

Ɗana, duk abin da ka tara ka mayar da shi dala tun kana tarawa, ka zuba a asusun dala, ka karɓi katinsa. Kada ka dogara da katin naira. A 2022 bankuna da yawa sun rufe amfani da shi a waje, sai a 2025 suka fara buɗewa, kuma da iyaka. Akwai kuɗin guzuri na PTA, dala 4,000 a wata uku, ka nema ta banki in ka cika sharuɗɗa. In a Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, za ka saya, ka ce sabbin takardu kake so, 'yan ɗari-ɗari marasa tabo ko yagewa, domin 'yan canji a ƙasashe da yawa suna ƙin tsohuwar dala ko su karya mata farashi. Kuɗin hannu in ya wuce dala 10,000 dole ka bayyana wa kwastam. Ni kashi uku nake yi: kati a jaka, tsaba a lalitar da ke jikina, da wani abu a hannun ƙanwata a gida wanda ba a taɓawa sai na kira.

Badamagare:
Mu a Nijar wannan ciwon bai kama mu haka ba, tunda sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowace yuro, yau da gobe. Abin da na tara a Zinder shi na tarar a hanya. Maroko ma ba biza na shige ta lokacin da na je. Amma ban yarda a ce jirgi ne kawai hanya ba. Yammacin Afirka a mota na yi shi, kuma ɗan Najeriya yana da kwana 90 ba biza a ƙasashen ECOWAS. Abin da za ka ware a nan kuɗin kan iyaka ne, wanda ba rasit. Ka riƙe canji ƙanana, kuma katin rigakafin cutar shawara ya kasance a hannunka, don rashinsa ne babbar ƙofar da ake tatsar mutane. Allura ɗaya ce har ƙarshen rai tun 2016, kada wani ya ce maka ta ƙare.

A Tanzaniya na hau jirgin ƙasa na TAZARA daga Darussalam zuwa Kapiri Mposhi a Zambiya, kilomita 1,860. Kwana biyu ne a takarda, yakan wuce haka. Gadonka yana ciki, kuɗin masauki ya huta, mata suna miƙo ayaba da gasasshiyar masara ta taga a kowace tasha.

Ɗan Zongo, Kumasi:
Ni na yi tambaya kan tikitin zagaya duniya na ƙawancen kamfanonin jirage. Star Alliance, inda Ethiopian da Turkish da EgyptAir suke, suna sayar da shi, oneworld ma haka, inda Qatar Airways da Royal Air Maroc suke. Ƙa'idarsa: ka fara ka ƙare a ƙasa ɗaya, ka fuskanci gabas ko yamma ba komawa baya, ka ƙetare Atlantika sau ɗaya da Pasifik sau ɗaya, cikin shekara guda. Pasifik ɗin ce matsalarmu. Daga Asiya zuwa Kudancin Amurka ta Pasifik yawancin jirage ta Amurka ko Kanada ko Ostireliya suke bi, kowacce da bizarta. Sai na haƙura da shi, na riƙa sayen tikiti zango-zango. Daga Asiya na juyo ta Addis Ababa na sauka Sao Paulo. Wani zai ce ai ba ka zagaya ba. Na dai ga nahiyoyin da na fita don in gani.

Ka sani kuma a wajen shiga jirgi za a tambaye ka tikitin fita daga ƙasar da za ka, kuma mu an fi tsananta mana. Wannan yana kashe tsarin nan na sai na ga dama zan tashi. Ka sayi wanda ake iya sauya wa rana, ya ɗan fi tsada amma ya fi asara.

Ɗan Fagge:
Allah Ya saka da alheri. Jikina ya ɗan yi sanyi, amma gara in ji yanzu. To kwana da abinci fa? Musamman abincin halal.

Yaya Mai Goyo:
Kada jikinka ya yi sanyi, ƙanena, nan ne ake samun sauƙi. A Indiya da Malesiya da Masar ban taɓa kusantar dala 50 a rana ba. Masaukin haɗaka nake kwana, gadaje shida ko takwas masu hawa biyu a ɗaki, ni ina zaɓen na mata zalla. Kafin in biya nakan duba ko akwai kicin da akwatin kulle kaya. Kwaɗona nake tafiya da shi. Sallah kuwa, in ɗakin ya cika, saman bene nake hawa ko in nemi masallacin unguwa, kuma a nan nake samun wanda zai nuna mini inda ake cin abinci mai araha.

Malesiya aljannar matafiyi Musulmi ce ta fuskar ci. Shagunan mamak na Indiyawa Musulmi suna buɗe har tsakar dare, a zuba maka shinkafa a kwarara miya kala uku a kai, ga shayin madara mai kumfa. A Indiya abincin ganye da wake ya wadatar, jirgin ƙasa mai gado kuma da arha. Kudancin Amurka ne kasafin cina ya tashi, don naman halal sai a manyan birane irin Sao Paulo ko Foz do Iguaçu inda Larabawa suke da yawa. Sai na koma cefane: shinkafa, wake, ƙwai, kifi. Yajin ƙuli da garin rogo da na ɗauko daga gida sun yi mini rana. Kilishi dai kada ka ɗauka, Turai da ƙasashe da yawa sun hana shiga da nama, ƙwacewa za a yi.

Birnin Salvador na jihar Bahia a Brazil kam ka saka shi a lissafi ko da za ka rage wani wuri. Hausawan da aka kai bauta can sun yi tawaye a 1807 da 1814, kafin babban boren Musulmi na 1835. Na yi yawo a tsohon garin ina tuna su, ƙirjina ya yi nauyi.

Malamin Firamare:
Kuɗin shiga wurare ma kada a manta, tunda don su aka fita, kuma baƙo farashinsa daban. Angkor a Kambodiya dala 37 ce kwana ɗaya, 62 kwana uku. Petra a Jodan dinari 50. Taj Mahal baƙo yana biyan rufi 1,100, ɗan ƙasa 50, kuma ranar Juma'a a rufe take ga masu yawon buɗe ido. Na'urar cirar kuɗi ta Thailand tana cin baht 220 ko fiye duk cirewa ɗaya, don haka a ciri da yawa lokaci guda.

Baba Na Tudun Wada:
Yaro, duk sun yi maka lissafin waje, ni na gida zan yi maka. Kana da iyali? Mahaifiyarka tana raye? Waye ke biyan kuɗin makarantar ƙannenka? Bature yana rufe ɗakinsa ya miƙa makulli ya tafi, kai kuwa akwai bakunan da ke jiran albashinka. Kafin na fita sai da na ajiye abincin gida na shekara, buhunan masara da gero da shinkafa a ɗaki, na biya haya, na biya makaranta zango uku, na bar kuɗin Sallah biyu da na asibiti a hannun wana. Da na haɗa, ya kusa kai rabin abin da na kashe a hanya. In ba ka yi haka ba kana Bangkok za a kira ka a ce gas ya ƙare, kuma daga guzurinka za ka tura.

Kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan suna tafe suna aiki, su yi noma a nan, su yi ɗinki a can, wasu shekaru suke yi, wasu ma suka zauna, ga zuriyarsu can a Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Wannan ƙofar a rufe take gare ka. Bizar yawon buɗe ido ba ta halatta aiki, in aka kama ka korowa za a yi, a ɓata maka fasfo. Hanyar Sudan ɗin ma yaƙi ya toshe ta tun Afrilun 2023. Abin da ka fita da shi, shi ke nan.

Sai kuɗin dawowa. Ka ce za ka ajiye aiki. Ka fara neman hutun da ba albashi, in sun ba ka ya fi. In ba su ba ka ba, ka ajiye abin da zai riƙe ka wata uku zuwa shida bayan ka sauka, a asusun da ba ka tafi da katinsa ba.

Tsohon Matafiyi:
Baba ya gama magana. Ɗan Fagge, ka ɗauko littafi ka rubuta ƙasashen da kake so, a gaban kowacce ka sa ko tana buƙatar biza, a ina ake nema, wata nawa take rayuwa. Ka fara da masu sauƙi: Ruwanda ba ta neman biza daga 'yan Afirka, Maldives tana bayarwa a filin jirgi. Tambarinsu a fasfo yana taimakawa in ka je neman masu wuya. Ka duba shafin ofishin jakadancin kowace ƙasa da kanka a satin da za ka nema, don dokokin suna sauyawa. In ka gama jerin ka kawo shi nan mu duba tare, sannan a zo kan nawa za ka tara.