Ruwa na cin gaɓar filinmu: katanga ko shuka?

Mai Tambaya:
Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu na da fili a bakin rafin Badagry a jihar Legas, kuma ruwa na zaizaye gaɓar duk shekara. Magini ya ce a zuba kankare, wani kuma ya ce a kare gaɓar da tsirrai. Masana, wanne ya fi?

Injiniyan Ruwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka sayi buhun siminti ko ɗaya, auna abu biyu: faɗin ruwan da iska ke bi kafin ta iso gaɓarka, da inda ruwa ke tsayawa idan ya ciko da idan ya janye. Kafa turaku ka riƙa sa alama na sati biyu.

In faɗin bai kai kilomita ɗaya ba, shuka kaɗai kan isa. In ya wuce haka, ko jirage masu inji na yawan wucewa, sai an ƙara ɗan gajeren shingen duwatsu a cikin ruwa, a shuka bayansa.

Matsalar katanga ita ce mayar da igiyar ruwa take yi, ba ta karya ƙarfinta. Ruwan da ya dawo sai ya ƙwaƙule gindinta, ya kuma zagaya ta gefe ya ci filin maƙwabci. A jihar North Carolina ta Amurka, bayan guguwar Irene ta 2011, an samu ɓarna a kashi 76 cikin 100 na katangun da aka duba a wani yanki, amma gaɓar da ke da ciyawa da shingen duwatsu ta tsira.

'Yar Gandun Daji:
Na yarda da Injiniya, sai dai galibi a wajen shukar ake yin asara. Itacen mangurof, mai saiwoyi a waje kamar ƙafafu, ba ya rayuwa a inda ruwa ke rufe shi mafi yawan yini. Wurinsa daga tsakiyar tazarar da ke tsakanin alamar janyewar ruwa da ta cikowarsa ne zuwa sama. Mutane kan dasa a can ƙasan laka don fili ya fi yawa, bayan wata shida ba ko ɗaya. Ka nemi mangurof mafi kusa da ya fito da kansa, ka kwaikwayi tudun da yake kai.

Gaɓar da ta tsaya a miƙe kuma dole a kwantar da ita: tsayin mita ɗaya a bazu a kan mita 8 zuwa 10. In laka ta riga ta tafi, a kafa layi biyu na gora, a cusa ƙirare a tsakani a ɗaure. Ruwa na ratsawa, laka na kwantawa a baya. Haka aka yi a Demak ta Indunusiya. Amma tsutsar ruwan gishiri na cin gorar, don haka a sa kuɗin gyara na kowace shekara a lissafi.

Kada kowa ya ba ka irin kwakwar nipa. A 1906 aka kawo ta Kalaba, yau ta mamaye wuraren mangurof da yawa a yankin Neja Delta.

Injiniyan Ruwa:
Ƙari kan shingen duwatsun: a shimfiɗa yadin tace ƙasa a ƙarƙashi, in ba haka ba duwatsun za su nutse cikin laka. Kada tsayinsa ya wuce cikowar ruwa sosai, kuma a bar ƙofa kusan kowace mita 30 don kifi da ruwa su shiga su fita. A nemi izinin NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, da na jiha tukuna. A duba kuma ko ana haƙar yashi kusa, domin muddin ana zurfafa gaban gaɓar, duk abin da aka ɗora zai zame.

Ɗan Fadama:
Masu karatu daga Arewa, wannan na ruwan gishiri ne. A bakin kogi ko dam, jema ita ce maganin: a dasa ta layi-layi a bin kwanciyar gangare, tazarar santimita 10 zuwa 15, a farkon damina, a hana dabbobi har ta kama. Kachala kuwa a guje ta, kowa ya ga yadda ta toshe hanyoyin ruwa a Haɗeja da Nguru.

Mai Tambaya:
Allah Ya saka da alheri. To gefen da ke kallon teku fa?

Injiniyan Ruwa:
Can shuka ba za ta tsaya ba, igiyar ta fi ƙarfinta. Sai zuba yashi da manyan duwatsu, kuma aikin gwamnati ne, don yashin da ka tare a nan, gaɓar da ke gabas da kai ce za ta rasa shi.