Hawan tudu da agogo: ku ba ni labarin naku

Ɗan Wadata: Assalamu alaikum. Lahadi mai zuwa abokan tuƙin kekenmu sun shirya gasar hawan tudu a hanyar Keita, kowa shi kaɗai, tsakanin mutum da mai bi masa minti 1, ba mai laɓewa bayan wani ya kare masa iska. Ban taɓa yi ba. A fili ina iya tahiya daga Tawa har Badagishiri in dawo, amma tudu na ba ni tsoro. Waɗanda suka taɓa, yaya kuka ji?

Malam Na-Adar: Wa alaikumus salam ƙanena. Na yi sau 4, kuma na farkon bai fita raina ba. Wani ya riƙe mini sirdi, mai agogo na ƙirga 5, 4, 3, ni kuwa zuciya kamar ta fasa ƙirji. Da aka sake ni na miƙe tsaye bisa feda, na zuba duk ƙarfina don in hango wanda ya riga ni. Na hango shi kuwa. Amma kafin rabin tudun cinyoyina suka yi nauyi kamar an ɗaura musu turmi, yawu ya koma ɗanɗanon ƙarfe, yaron da ya tashi bayana ya zo ya wuce ni yana zaune. Tudun Adar haka yake: ka ga kamar ka kai ƙololuwa, ka sha kwana, sai ga wani gaba. Ka je ka hau shi a hankali kafin ranar, ka san inda ya fi tsauri. Minti na farko ka riƙe kanka, ko da jikinka na cewa ƙara.

Usta mai gyara: Malam ya faɗi gaskiya, amma ku dubi kekenku ma. Ni da Phoenix na fara, mai giya guda, nauyinta kusan kilo 20. Haƙoran da sarƙa ke kamawa 44 gaba, 18 baya: kowane juyin feda taya ta juya fiye da sau 2, a tudu wannan azaba ce. Na sauka na tura, ban ɓoye ba. Yanzu ina da 34 gaba, 32 baya, ƙafa na juyawa ba tsayawa. Kuma kada ka bari sai sarƙa ta ɗaure sannan ka sauya giya, nan take tsallakewa. Ka kawo ta ranar Juma'a in duba ma.

Ɗan Wadata: Na gode Usta. Kekena haƙora 28 gare ta baya, za ta yi?

Usta mai gyara: Za ta yi in ba ka da jiki. Wanke sarƙar dai, ƙurar hunturu ta cinye ta.

Ɗan Keita: Yaya, ka lura da iska. Da sanyin nan daga arewa maso gabas take busowa, mai fita Tawa zuwa wajenmu da ita yake karo. Ƙasan tudu dutse na kare ka, kana leƙawa sama sai ta mare ka. Ni na yi asarar sakan 20 wurin nan don na miƙe tsaye ina faɗa da ita. Da na duƙa da ya fi. Kuma na sha hura da yawa da asuba, na same ta a maƙogwaro can sama.

Elhaji Mai Agogo: Ni gwiwa ta hana ni hawa, agogo nake riƙe wa yara. A Ingila, inda suke wannan gasa cikin Oktoba, har kan keke suke yankewa don rage nauyi, wasu kekunan ba su kai kilo 6 ba. Kada in ga wani ya kwance birki nan, domin saukowa za ku yi, ga tsakuwa, ga awaki, ga manyan motoci. Abin da ya fi taɓa ni bara, wani dattijo ya zo na ƙarshe, yaran ƙauye na gudu gefensa suna kiran "Baba ƙara!", ya ƙetare layi ya kwanta bisa ƙasa yana tambayata mintinsa nawa. Ɗana, ka zo da hular kwano, ba ta ba tashi. Ƙarfe 7 za mu saki na farko.